Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Sufuri na Jamhuriyar Nijar

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Daga Tahoua nake rubuto maka kan maganar tashar jirgin ƙasa, ko da yake jirgi bai taɓa ratsa yankinmu na Adar ba.

Duk ɗan kasuwarmu da ya taɓa sauka Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso ya san tasharsu: farin gini mai faɗi, kansa jere da tsinaye kamar na masallatan ƙasa. Faransawa suka gina ta, jirgi ya iso garin a 1934, kuma da aikin tilas aka shimfiɗa layin, wannan ba a mantawa. Amma ko su, da duk girman kansu, sai da suka kwaikwayi fasalin ginin mutanen wurin. Sunan layin ma Abidjan–Nijar ne, sai ya tsaya Wagadugu a 1954. Na Kwatano ya tsaya Paraku a 1936, na Ingilishi ya tsaya Ƙaura Namoda da Nguru. Kowa ya zo bakin ƙofarmu ya ja birki.

Tamu ta Yamai an buɗe ta a watan Afrilu na 2014 da kaɗe-kaɗe, kamfanin Bolloré ya kai dogo Dosso a 2016, har yau jirgi bai fara jigila ba. Albasar Galmi kuwa a bayan manyan motoci take tafiya, wata ta ruɓe kafin ta kai.

Yanzu ga layin Kano zuwa Maraɗi ana aikinsa. Roƙona, ranka ya daɗe, kada a sake kawo mana zanen gini daga waje a dasa. Muna da magina. A nan jiharmu, a ƙauyen Yama, Falke Barmu ya gina masallacin laka, rufinsa bisa baka, da hasumiya huɗu, kowace da kamanninta, har ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Katanga mai kauri irin wannan tana riƙe sanyi a watan Afrilu, lokacin da ɗakin kwano ke gasa mutum da ransa. A kira masu wannan sana'a su zauna da injiniyoyi tun ana zane, tashar Maraɗi ta fito da zanko da zaure, da rumfa mai faɗi inda mata masu kaya za su jira cikin inuwa.

Ta Yamai kuma a sa mai kula da ita, a hana rairayi binne dogon.

Naka,
Wani ɗan Tahoua