Kuɗin keken tsere, kuɗin aikin hannu ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da har yau ake maimaita ta a majalisu. Tun lokacin gasar Olympics ta Paris a 2024, da 'yar Najeriya Ese Ukpeseraye ta yi tsere da keken da 'yan tawagar Jamus suka ara mata, nake jin mutane suna cewa, "Keke kawai? A je kasuwa a sayo mana!" Ni gyaran keke ne sana'ata, da ita na yi aure, da ita nake ciyar da iyali, kuma 'yan tsere kan kawo mini irin waɗannan kekuna na gwanjo. Keken da aka ara mata na tseren cikin zaure ne, ba shi da birki, giyarsa ɗaya. Na tseren titi kuwa, irin na babbar gasar Tour de France ta ƙasar Faransa, kuɗinsa kan haura dala 10,000. Abin da nake so masu karatu su sani shi ne inda kuɗin yake tafiya.

Jikin keken ba ƙarfe ba ne. Zaren kabon ne, wanda ya fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba. Kamfanoni irin su Toray na Japan ke yin sa, ta hanyar gasa wani zaren roba a zafin da ya wuce digiri 1,000 har ya koma kusan kabon zalla. Sai a jera zaren, a jiƙa shi da danƙo, ya zama shimfiɗa baƙa wuluk, a ajiye a firiza don kada danƙon ya bushe ya yi tauri kafin lokacinsa. Mafi yawan manyan kekunan da ake liƙa wa sunayen Turai da Amurka a Taiwan da China ake yin jikinsu. Giant da Merida, manyan masana'antun Taiwan, duk a 1972 aka kafa su.

Inji ne ke yanka shimfiɗar, amma daga nan aiki ya koma hannun mutum. Kamar yadda tela ke yanka yadi ƙyalle-ƙyalle, haka ake fitar da ɗaruruwan guntaye don keke ɗaya, kowanne da lambarsa da wurin zamansa. Ma'aikaci zai ɗauko su ɗaya bayan ɗaya yana liƙawa, yana lura da inda zaren ya fuskanta, domin zaren kabon ta tsawonsa kawai yake da ƙarfi. Wajen feda, inda ƙafar mahayi ke dannawa, a tara da yawa. Inda ake son keken ya ɗan yi laushi saboda gargada, a rage. Daga nan a sa shi cikin mazubin ƙarfe, a hura wata jaka a cikinsa ta matse shi da bango, a gasa. Idan guntu ɗaya ya goce ko iska ta maƙale a tsakani, fenti zai rufe aibin, sai ran da mutum ke gangara da gudu zai sani. Shi ya sa ake ɗaukar samfuri a ɗora a injin da zai yi ta danna shi sau 100,000, wasu kamfanonin ma har hoton cikinsa suke ɗauka. Jikin da ya fito bai kai kilo ɗaya ba. Rashin nauyin ya kai ga hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa doka tun 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8.

To, ƙafar keke ita ce fagena, ka yi haƙuri in ɗan daɗe a nan. Tsohuwar Raleigh ta iyayenmu waya 32 ce a gaba, 40 a baya. Ƙafar tsere ta yau 24 ce, wata ma 20, ga shi kuma tana ɗaukar ƙato ba ta ko rawa. Sirrin yana cikin wayar da ɗaurinta. Wayoyin kamfanin DT Swiss na Suwizalan ko Sapim na Beljiyam, in ka shafa za ka ji bakinsu biyu kauri milimita 2, tsakiya kuma an tsuke ta zuwa 1.8 ko 1.5. Wanda bai sani ba zai ce rowar ƙarfe ce. Ba haka ba ne: tsakiyar ce ke ɗan miƙewa ta sha wahalar hanya, ta hutar da gwiwar wayar, inda ta fi karyewa. Ana ɗaure waya da ƙarfin da kan kai kilo 100 ko fiye. A ƙafar baya kuma ɓangaren kaca ya fi ɗayan tauri, don haƙoran giya sun ture mariƙin wayoyin da ke tsakiyar ƙafar gefe guda.

Akwai injunan da ke saƙa ƙafa su saita ta, irin na Holland Mechanics, kuma da su ake yin ƙafafun kekunan kasuwa. Amma ƙafa mai tsada sai ta bi ta hannun gwani. Zai juya ta a kan ma'auni, ya ƙara rubu'in murɗi nan, ya sassauta can, ya damƙi wayoyi biyu-biyu ya matse har su yi ƙara su zauna, ya sake saiti, har karkatar ta gaza rabin milimita. Ni da farce nake kaɗa waya in saurari amonta, wadda ta yi sako-sako muryarta ƙasa take. Su gwanayen kamfani suna da ɗan agogon auna tauri, suna rubuta lambar kowace waya. Bambancinmu ke nan, kayan awo. Hannun iri ɗaya ne, kuma a Kano, garin da Raleigh ta taɓa samun masana'anta, akwai dattawan da suka ƙware a wannan aiki tun kafin a haifi yawancin masu tseren.

Roƙona ga hukumomin wasanni na jihohinmu, idan za a sayi kekunan tsere, a ware wani abu don horar da masu gyara, a haɗa musu da ma'aunin waya da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Yawancin notocin kan keken kabon an rubuta musu iyakarsu a jiki, sau da yawa 5 Nm (awon ƙarfin ɗauri ke nan), wanda ya wuce haka zai ji ƙas, kuma shi ke nan. 'Yan uwana masu gyara kuma, don Allah idan irin wannan keke ya zo rumfa, a ajiye guduma, kada a kai shi wajen mai walda, kada kuma a damƙe jikinsa a bais. Wanda ya ga tsagewa ko da siririya ce a jikin fentin, ya faɗa wa mai shi gaskiya kada ya hau sai an bincika.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani mai gyaran keke, daga Kano