Sanarwa kan kuɗin API, ga masu haɗa manhaja

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar bayan Isha'i za mu tattauna a nan rukuni kan tsadar API, wato ƙofar da manhaja ke bi ta ɗebo bayanai daga rumbun wani kamfani. Kafin nan ga abin da nake so kowa ya riƙe.

A 2023 dandalin tattaunawa na Reddit ya sa wa API ɗinsa farashi: dala 0.24 kan kowane kira 1,000 (kira shi ne duk lokacin da manhaja ta nemi bayani ta ƙofar). A ido kamar ba komai ba ne. To amma Apollo, manhajar shiga Reddit da Christian Selig ya gina don masu iPhone, tana kira kusan biliyan 7 a wata. Da ya buga lissafi sai ya ga kusan dala miliyan 20 a shekara, kuma wa'adin kwana 30 kawai aka ba shi. Ga mutane sun riga sun biya shi kuɗin shekara a tsohon farashi, ta ina zai cike giɓin? Ranar 30 ga Yuni 2023 ya rufe Apollo. Ni a ganina gajeren wa'adin ya fi farashin kansa illa.

Twitter ma bai tsaya ciniki ba, a Janairun shekarar kawai sai ya datse manhajojin shiga Twitter da wasu suka gina, irin su Tweetbot da Twitterrific.

Mu da ke karɓar naira muna biya da dala, abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Don Allah duk mai manhajar da ta dogara da API ɗin wani, ya duba yawan kiran da take yi a wata, ya turo adadin nan kafin Juma'a.