Wasiƙa daga Daura: Maganar Auta

Ƙawata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Ingila, ya aikin asibiti, ya maigidan da yara? Saƙonki ya yi wata biyu a wayata ban amsa ba, ki yi haƙuri. Tun bayan Sallar Gani hankalin gidanmu bai kwanta ba.

Auta ce. Ta haihu, namiji, kuma gida ta zo wanka tunda haihuwar fari ce. Inna ba ta rage komai ba, ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama da yaji. Aka yi suna lafiya. Sati uku da haihuwa sai yarinyar nan ta daina barci, ko da jaririn ya yi. Wata rana da asuba na leƙa ɗakin na tarar da ita zaune a bakin gado, yaron yana tsala kuka a bayanta, nono ya jiƙa mata gaban riga, ita kuwa ta ƙura wa bango ido. Da na dafa ta sai ta ce, "Yaya, ni ba uwar kirki ba ce, ku ɗauke shi." Wallahi gwiwoyina sai da suka yi sanyi.

Gwaggo ta ce iska ce ta shafe ta wajen wanka. Dangin miji suka ce shagwaɓa ce irin ta 'yan auta. An yi ruƙiyya, da ni aka zauna, don addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma sai da wata tsohuwar ungozoma ta zo barka, ta keɓe da ita, sannan muka ji sunan abin: ciwon damuwa bayan haihuwa. Ta ce koke-koken kwanakin farko kan wuce cikin sati biyu, in ya zarce haka sai asibiti. Muka kai ta Katsina wurin likitan ƙwaƙwalwa. Yanzu tana shan magani, tana shayarwa, jiya har na jiyo ta tana yi wa yaron tawai.

Abin da ke ci mini rai shi ne duk awon da ta je an gwada jini, an gwada fitsari, ta hau sikeli, amma ba wanda ya taɓa ce mata ya zuciyarki. Ga riga-kafi a sati 6, da 10, da 14, uwar ce ke goyo yaron ta kawo shi, a yi masa allura ta juya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mace 1 cikin 5 na shiga wannan hali bayan haihuwa. To ina ga matan Batsari da Jibiya da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, suna jego a ɗakin aro, wasu ma da takaba a kai?

Af, na ga hotonki a Facebook cikin wannan rigar sanyin, kin koma kamar buhun gero! Wa zai ce ke ce mai shanye ƙwaryar fura ita kaɗai? Mutumin naki mai babur kuwa ya ƙara aure, ta uku, kuma har gobe yana tambayar yaushe za ki dawo.

Kin san a Janairun 2023 Buhari, ɗan garinmu, ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da ba ta san komai ba sai kulle mutum. Sai dai dokar Abuja ba ta iso ɗakin awo na Sandamu ko Baure ba. Shi ya sa mu matan Islamiyyarmu muka haɗu za mu rubuta wa ɗan majalisarmu na jiha. Muna so a koya wa masu awo a mazaɓu 361 na jihar nan yadda za su tambayi mai ciki da mai jego halin da zuciyarta ke ciki, kuma a ajiye maganin a kusa, don ba kowa ke da kuɗin motar Katsina duk wata ba. Malamarmu ta ce a sa hutun haihuwa na wata 6, irin wanda Kaduna ta ba ma'aikatanta a 2019. Ni na fi damuwa da matan ƙauye da ba su da albashi balle hutu, amma na yarda a sa.

Taimakon da za ki yi mana: tsohuwar ungozomar nan ta ce akwai takarda mai tambayoyi 10, ta Edinbara, da kuke cika wa masu jego a can. Ki turo mini, ki kuma faɗa mini yadda kuke buɗe zancen ba tare da mace ta ji an ce mata mahaukaciya ba. Kalmar nan ce ta sa Auta ta yi ta ɓoyewa.

Inna na gaishe ki. Ta haɗa miki kuka da daddawa, ki faɗi wanda zai taho a ba shi.

Taki har kullum,
Yayar Auta