Godiya ga garejin hanyar Ɗan Isa mai auna baƙin mai

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Maigida, shugaban garejin manyan motoci da ke bakin hanyar Ɗan Isa a nan Maradi, da yaransa baki ɗaya. Mun rubuto ne a bainar jama'a don mu yi muku godiya kan na'urar auna baƙin mai da kuka kawo, da kuma yadda kuke aiki da ita bisa gaskiya.

An saba a ja sandar mai, a murza ɗigo tsakanin yatsu, a ce ya yi baƙi, a yi bidanji, wato canjin mai. Amma man injin gazuwal yana baƙi cikin 'yan kwanaki saboda kunkunniyar da yake kwashewa, kuma aikinsa ke nan. Launi ba ya nuna ko mai ya mutu. Lissafin kilomita ma bai isa ba: motar da ke shan ƙurar hunturu a hanyar Dakoro, ko take hawa da kaya cikin zafin Afrilu da ya wuce digiri 40, manta yana tsufa da wuri. Duk ƙarin zafin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewar mai.

Tsarinku ya burge mu. Sai inji ya yi zafi kuke ɗibar mai, kuma ba farkon abin da ya zubo daga ƙasan kwanon man inji kuke ɗauka ba, don can datti ke kwanciya. Kafin nan kun riga kun saita na'urar da sabon mai irin wanda ke cikin injin, mai lambar kauri iri ɗaya, kamar 15W-40 da 15W-40, na kamfani ɗaya. Sannan a goge idon na'urar tas, a ɗiga ɗigo biyu ko uku. Abin da take aunawa shi ne yadda mai ke riƙe cajin lantarki. A wannan awon, lambar sabon mai tana wajen 2,2, ta ruwa kuwa tana kusan 80, shi ya sa ko ɗan ruwan lagireto ne ya ratsa ta gasket ɗin kan inji, nan take lamba ke tsalle. Kunkunniya da tsamin da ke taruwa idan mai ya ƙone su ma suna ɗaga ta, sai dai a hankali.

Inda muka fi jinjina muku, Maigida, shi ne ba ku ɓoye inda na'urar ke gazawa. Idan injekta na yoyo, gazuwal na gangarawa cikin kwano, kuma lambarsa kusan ɗaya take da ta sabon mai. Sai na'ura ta ce lafiya lau, alhali mai ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, ba ya iya raba ƙarfe da ƙarfe, daga nan sai a ji inji ya buga. Don haka yaranku ke sunsuna man, su duba ko ya haura alamar sama a jikin sanda, su gwada kaurinsa da na sabo. Suna kuma ɗiga shi a farar takarda su bari ya bazu: idan baƙin ya dunƙule a tsakiya bai yaɗu ba, sinadarin wanke injin ya ƙare. Yashi ma na'urar ba ta ganinsa sosai, sai ku buɗe filtar iska ku bi tiyo da hannu kuna neman tsagar da yake bi ya shiga.

Ga shi kuma idan mai na da sauran ƙarfi kuna faɗa, ko da yake da kun yi shiru kun sayar da lita 30 ko fiye. Kuna rubuta lambar da na'urar ta nuna wa kowace mota a littafi, ranar da ta dawo a kwatanta.

Roƙonmu ɗaya: ku koya wa yaran sauran gareji wannan aiki, har na masu injin ban ruwa a fadamar Jirataua.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya tsare hannuwanku.

Daga wasu masu manyan motoci da direbobinsu, Maradi.