Saura kwana 11 a kai mahaifiyata tiyata Indiya, maigidana ya janye izininsa

Assalamu alaikum Malama,

Allah ya saka miki da alheri bisa yadda kike sauraren damuwar mata a wannan fili. Da tsakar dare nake rubuto miki wannan wasiƙa, domin tun bayan sallar isha'i da maigidana ya faɗa mini abin da ya faɗa barci ya ƙaurace wa idona, alhali saura kwana 11 jirginmu ya tashi.

Hajiyarmu ce ba ta da lafiya, kuma an fi shekara ana fama. Da farko ciwon kai ne yake tashinta da asuba har ta yi amai, aka ce hawan jini ne, aka ɗora ta a kan magani. Daga baya ganinta ya fara dusashewa, har wata rana ina zaune kusa da ita na ga tana tsiyaya shayi a gefen kofi, yana malala a kan tabarma ba ta sani ba. Yayanmu babba ya dage cewa iska ce, aka shafe wata biyar ana ruƙiyya da hayaƙi da rubutun sha. Ni ba na musun addu'a, amma tun a lokacin nake roƙon a kai ta a ɗauki hoton kanta, shi kuwa yana cewa ƙaramar yarinya ba za ta koya masa kula da uwarsa ba. Sai ranar da ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida tana karkarwa kamar mai farfaɗiya sannan aka yarda aka yi hoton MRI. Likita ya nuna mana ƙari a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya kira shi maninjiyoma, ya ce galibin irinsa ba kansa ba ne, amma yana danne jijiyar gani, kuma abin da jinkiri ya lalata a idon ba lallai ne ya dawo ba ko bayan an cire shi.

Yaya ne ya yanke shawarar a tafi Delhi, aka sayar da gonar da mahaifinmu ya bari, ni kuma na sayar da sarƙata da 'yan kunnena na gwal na haɗa, domin kuɗin da asibitin ya nema da dala ne. Ban faɗi wannan don gori ba. Bizar jinya ta Indiya tana ba da damar 'yan rakiya biyu, saboda haka aka sa sunan Yaya da nawa, tunda ni kaɗai ce 'ya mace, kuma Hajiya ba za ta taɓa yarda namiji ko baƙuwa su yi mata wanka ko su kai ta banɗaki ba. Maigidana da bakinsa ya ce in je, shi ya kai ni aka yi mini allurar rigakafin cutar shawara aka ba ni katin, shi ya biya mini kuɗin motar zuwa Abuja.

Yau kuma ya dawo daga gidansu ya ce ya sake tunani, wai an gaya masa jinyar tana iya kai wata biyu ko fiye idan likitoci suka ce sai an yi mata gashi, wato ƙona ragowar ƙarin da hasken na'ura, bayan tiyata, kuma shi ba zai zauna ba mata ba, idan na sa ƙafa a jirgi kada in yi mamakin abin da zan dawo in tarar. Na san bakin yayarsa ne, domin tun da aka kawo ni gidan nan ba ta taɓa ƙaunata ba, ko duba Hajiya ba ta je ba sau ɗaya. Gaskiya ne na ɗaga masa murya, na kuma ce da uwarsa ce da bai tsaya lissafin watanni ba, amma Malama, wace 'ya ce za ta ji wannan ta yi shiru? Yaronmu na goye da yake kafa hujja da shi ma ya kusa isa yaye, kuma ƙanwar Hajiya ta ce za ta riƙe shi tare da sauran yaran.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne da na kira Yaya ina kuka, maimakon ya ce zai zo ya yi wa maigidana magana, sai ya ce ai ba komai, matarsa za ta maye gurbina. Matar da ko sau ɗaya ba ta kwana a asibiti da Hajiya ba, ba ta san lokacin maganin farfaɗiyarta ba, kuma ban san yadda za a yi ta samu biza cikin kwana 11 ba. Tafiyar ma daga Kano sai an sauka a Addis Ababa an canza jirgi, da tsohuwar da ba ta gani sosai, a je ƙasar da ba ta jin yarensu, ba ta san abincinsu ba. Ni ce nake jin Turanci a cikinmu, ni ce zan fahimci takardar amincewa da tiyatar kafin a sa hannu, kodayake ina tsoron wannan takarda ƙwarai, domin likita bai ɓoye mana cewa aikin ƙwaƙwalwa yana iya taɓa magana ko ɓarin jiki ba.

Malama, na san matsayin izinin miji, ba kuma ina neman ki ce in saɓa masa ba ne. Amma izinin da aka bayar har aka kashe kuɗi a kansa, ana iya janye shi haka kawai? Wa ya kamata in kai wa ƙara, mahaifinsa ko limamin unguwarmu? Abin da ya fi damuna ma shi ne Hajiya, domin har yanzu ba ta san komai ba, jiya ma ta sa na ɗaure mata kuka da daddawa a leda ta ce in saka a jakata. Shin in gaya mata gobe, ko in bari sai na ga yadda za ta kaya?

Wassalam,
Wata baiwar Allah daga Kano