Godiya Ga Wani Gareji Marar Allo A Farin Gada

Assalamu alaikum.

Na rubuta wannan ne don in yi godiya a bainar jama'a ga wani dattijon bakanike da yaransa a Farin Gada, nan Jos. Garejin ba shi da allon suna, rumfar kwano ce da benci ɗaya da tulin ƙarafa. Dattijon ya roƙe ni kada in sa sunansa, don haka zan kira shi Baba, kamar yadda kowa ke kiransa a layin.

Sana'ata bayar da hayar kayan taro: rumfuna, kujeru, lasifika da janareta. Ina da ƙaramar tirela mai taya biyu, 'yar Beljiyam, wadda nake ɗaurawa a bayan Hilux in kai kaya Bukuru ko Mangu, wani lokaci har Abuja. Damina na ɗaukewa tirelar ta fara kuka. Wani gurnani ne ƙasa-ƙasa kamar injin niƙa a can nesa, in na ƙara wuta ya ƙaru, in na sassauta ya lafa.

Bakaniken farko da na kai wa ko sunkuyawa bai yi ba. Ya shuri tayar da ƙafa ya ce taya ce ta cinye. Na sayi tayoyi biyu sababbi, gurnani yana nan daram. Na biyun a Abuja yake, gareji mai fenti da kujerun jiran baƙi har da talabijin. Shi ya ce boris ne, wato ƙarfen nan mai 'ya'ya da taya ke juyawa a kansa. Aka ce in je in ci abinci in dawo. Da na dawo an rufe komai, an rubuto min kuɗin sabon boris da na aiki. Na tambayi tsohon da aka cire, aka ce yaro ya zubar. Na biya, don gobe da sassafe nake son kama hanya.

A Akwanga na tsaya yin sallar azahar. Ina wucewa ta gefen tirelar na ji ƙaurin mai, na kai hannu kan cibiyar tayar hagu, sai da na yarfe hannun don zafi. Ga Hawan Kibo a gabana, ga janareta da kujeru ɗari biyu a baya. Duk wanda ya san wannan hanya ya san abin da nake nufi, ba wurin da mutum zai so taya ta fice masa ba ne. Haka na lallaɓa, in yi tafiya kaɗan in tsaya ta huce, sai bayan isha na shigo Jos. Washegari bakanike na uku ya ce ai sai an canza aksil gaba ɗaya, ya faɗi kuɗin da ya kusa kai rabin abin da na sayi tirelar.

Wani direba mai ɗauko dankalin turawa daga Bokkos ne ya ji ina mita a wurin mai shayi, ya ce in gwada Baba. Wallahi na je ne kawai don kada a ce ban je ba.

Baba bai tambaye ni abin da sauran suka ce ba. Ya sa yaro ya ɗaga tirelar da jak, ya juya tayar da hannu yana saurare, sannan ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza. Ya ce, "Alhaji, zo ka ji da hannunka." Ban taɓa ganin bakaniken da ya kira ni in taɓa aikinsa ba. Na juya tayar, na ji tana gurzawa kamar akwai yashi a ciki.

Ya shimfiɗa tsohon buhun siminti a ƙasa, duk abin da ya fito sai ya jera shi bi da bi: murfi, noti, wosha, boris na waje, boris na ciki, sil (robar da ke hana giris fita da ruwa shiga). A nan na gano cewa boris biyu ne a kowace ƙafa. A nan kuma na ga aikin da na biya a Abuja. Babu sabon abu ko ɗaya. An cusa jan giris a kan tsohon da ya koma ruwan toka kamar kunu ya kwana, an ɗaure noti tamau, kuma a maimakon 'yar ƙusar da ke hana noti kwancewa, ƙusar kafinta aka lanƙwasa aka zura. Yaron ya wanke boris ɗin da kananzir, Baba ya ɗaga shi cikin rana ya nuna min yadda 'ya'yan suka yi shuɗi-shuɗi, da ƙananan ramuka a jikinsu.

"Wannan launin, wuta ce ta ci shi," in ji shi. "Sil ya yage, ruwan damina ya shiga ya ɓata giris. Wanda ya matse noti kuma ya ƙarasa shi."

Sai ya goge bakin aksil ɗin, ya bi shi da farce a hankali, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya buɗe ɗaya ƙafar ma, ya wanke, ya duba, ya ce waɗannan suna da sauran kwana, giris da sabon sil kawai suke so. Na ce, "Baba, a canza duka mana a huta." Ya ce, "Kuɗinka ne, Alhaji, amma ni ban ga dalili ba." Shekara nawa ina hulɗa da masu gyara, ban taɓa jin wanda ya hana ni kashe kuɗi a garejinsa ba.

Bai ce in ba shi kuɗin kaya ba. Ya nuna min lambar da ke jikin ƙarfen, L44649 na waje, L68149 na ciki, ya haɗa ni da babban yaronsa muka tafi Dilimi, inda ake sayar da kayan mota. Yaron nan ya cancanci tasa godiyar daban. Shago uku muka shiga, yana buɗe kwali yana duba rubutun, yana cewa, "Oga, mu ƙara gaba." Ya kuma nace sai mun sayi kowane boris da zoben da yake zama a ciki, don in aka sa sabo a tsohon zobe, tsohon ne zai cinye shi.

Sa giris ɗin ma abin kallo ne. Baba ya ɗebo shi a tafin hannun hagu, ya riƙa danna bakin boris ɗin a kai yana juyawa, har giris ya ɓullo ta sama tsakanin 'ya'yan. Ya ɗaure noti yana juya tayar don komai ya zauna, ya kwance, ya sake mayar da shi da yatsu kawai, ya zura sabuwar ƙusa. Ya ce kada in yarda a gauraya min giris iri biyu, kuma in riƙa kawo ta bayan kowace damina ko da ba ta yi kuka ba. Ɗana ya duba a waya daga baya, ashe kamfanin Dexter na Amurka mai ƙera irin wannan aksil shi ma wata 12 ya ce, ko mil 12,000, wato wajen kilomita 19,000. Baba bai taɓa riƙe littafinsu ba.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda muka saba da akasin haka har ya zama ba komai ba. Ka kai mota a kore ka waje, a canza abin da bai lalace ba, a bar wanda ya lalace, in ka yi tambaya a ce ka cika ƙorafi. Ba masu gyaran mota kaɗai ba, haka mai gyaran janareta yake, haka mai waya. Yaro ya yi wata shida a gareji ya sayi sifana uku, shi ke nan ya zama oga. Mu ma masu mota da laifinmu, mun fi son a ce mana minti goma a kan a ce mu zauna a yi aiki.

Baba ya zuba min tsofaffin kayan a leda ya ce in tafi da abina. Ranar Asabar na sauka Hawan Kibo da kaya cike, na tsaya Akwanga na taɓa ƙafafun biyu da bayan hannu kamar yadda ya koya min, ɗumi kawai. Ina shiga Keffi yaronsa ya kira yana tambayar ko ta yi zafi.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya albarkaci zuri'a, ya sa yaran nan su gaje ka. Kwandon dankalin da ka ƙi karɓa kuwa yana nan, ranar Juma'a zan aiko da shi gida wurin Hajiya.

Naku,
Mai hayar kayan taro, Jos