Wata talatin ne kawai suka rage maka

Assalamu alaikum ɗana,

Muna nan lafiya, ƙafar innarka ma da sauƙi. Ranar Juma'a da aka sauko masallaci a unguwar Aboabo, nan Kumasi, wani ya ja ni gefe, wai ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki ka buɗe shagon waya a Akra. Ashe har na kai in riƙa jin labarinka a bakin mutane?

Ban hana ka kasuwa ba. Fataucin goro ne ya kawo kakanka Kumasi. Abin da ya hana ni barci shi ne zubinka na SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata ta Ghana. Na zauna na ƙirga, tun shekarar auren yayarka ka kama aikin nan, wata 150 ke nan. Doka kuwa wata 180 take nema, shekara 15 cif, kafin a ɗora mutum kan fansho na wata-wata idan ya cika shekara 60. In ka kai 60 da giɓi, sai su haɗa abin da ka zuba da ɗan abin da ya haifa, su danƙa maka sau ɗaya. Shi ke nan, kun rabu.

Ni aka yi wa haka. A zamaninmu ma wata 240 ake nema. Na bar aiki lokacin jinyar kakarka, kuma ko yau aka maimaita zan sake bari, don babu wanda zai zauna da ita sai ni. Amma kuɗin da suka ba ni ko shekara biyu ba su yi ba. Rufin ɗaki, kuɗin makarantarku, sai babu. Abokan aikina yau suna karɓar nasu duk wata, ni kuwa sai na jira ka turo. Kana jin wannan da daɗi ne ga uba? Ni ina da uzuri. Kai mene ne naka, ban da gaggawa da zugar abokai?

Ka yi haƙuri da zafin maganata, tsoro ne.

In ka dage sai ka tafi, to kar ka yanke zubi. Mai sana'ar kansa ma ana karɓar nasa, kashi 13.5 cikin ɗari na abin da ya ce yana samu a wata. Kafin ka miƙa takardar barin aiki, ɗauki Ghana Card ɗinka, katin ɗan ƙasa, ka je ofishin SSNIT a fitar maka da lissafin zubinka, ka duba wata-wata. Wasu iyayen gida suna cire kashi 5.5 daga albashi, su danne, ba sa kaiwa. Kuma kar a ruɗe ka da karɓa tun a shekara 55. Ana bayarwa, amma a rage.

Ka zo da takardar in za ka zo Sallah, mu duba tare. Innarka ta ce a gaida jikokinta. Allah ya yi maka albarka.

Babanka